Hanta Ko Sunan Hanta? Sharhi a Kan Matakai Biyar na Littafin Neijing

Littafin Huangdi Neijing shi ne tushen ilimin maganin gargajiya na Sinawa. An harhaɗa shi wajen ƙarni na 2 zuwa na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, cikin sigar tambaya da amsa tsakanin wani sarki da mashawartansa. Yana da sassa biyu, Suwen da Lingshu, kowanne da babi 81. Wannan maƙala za ta dubi yadda littafin ya danganta kayan cikin mutum da abubuwa biyar, ta kuma auna hujjojin mai sukarsa da na mai kare shi.

Abubuwan su ne itace da wuta da ƙasa da ƙarfe da ruwa. Littafin ya ba itace hanta da fushi, wuta zuciya da farin ciki, ƙasa saifa da zullumi, ƙarfe huhu da baƙin ciki, ruwa kuma ƙoda da tsoro. Kowanne yana haifar da na gabansa, wato itace ya ciyar da wuta, wuta ta bar toka ta zama ƙasa. Kowanne kuma yana da mai rinjayarsa, kamar yadda ruwa ke kashe wuta, wuta ke narkar da ƙarfe. Saboda haka likita zai ce cutar hanta tana iya sauka a kan saifa, tunda itace ke rinjayar ƙasa.

Wanda ya saba da ɗabi'o'i huɗu na malaman ɗibbu, wato wuta da iska da ruwa da ƙasa, zai ɗauka abu guda ne. To, ba haka ba ne. Waɗancan huɗun, da suka samo asali daga Girkawa, su ne ake cewa an gina halitta da su. Kalmar Sinanci kuwa, wuxing, tana ɗauke da ma'anar tafiya, don haka "matakai biyar" ta fi dacewa da ita. Hasali ma, kafin likitoci su ɗauke ta, Zou Yan ya yi amfani da ita a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa wajen bayyana yadda mulki ke fita daga wani gida ya koma wani.

Rikici ya taso ne bayan 1851, lokacin da likitan Ingila Benjamin Hobson ya wallafa littafin ƙirar jiki da Sinanci, ya kuma ari tsofaffin sunayen nan ya laƙaba wa kayan cikin da ake gani in an feɗe gawa. Daga nan suna ɗaya ya zama da ma'ana biyu. Yu Yunxiu, wanda ya yi karatun likita a Japan, ya kama wannan ya soki littafin, har a 1929 ya kawo shawarar a soke maganin gargajiya baki ɗaya, amma zanga-zangar masu sana'ar ta hana a zartar.

Sukar tasa tana da ƙarfi. Neijing ya ɗora wa saifa aikin sarrafa abinci, alhali tace jini take yi, ana ma iya cire ta mutum ya ci gaba da rayuwa. Bugu da ƙari, akwai alamun tilasci a tsarin. Lokutan shekara huɗu ne, sai aka yanko na biyar don ƙasa ta sami rabo. Wani tsohon littafi ma, Liji, saifa ya ba itace, ya ba ƙarfe hanta. Ke nan rabon shiri ne na masana, ba abin da ido ya gani ba.

A 1922 Yun Tieqiao ya mayar da martani cewa kayan cikin Neijing ba na tsoka da jini ba ne, sunaye ne na yadda jiki ke sauyawa tare da lokutan shekara. Mai nazarin harshe zai fahimci wannan. In Bahaushe ya ce hantarsa ta kaɗa, ko wane ya yi zuciya, babu mai neman likitan fiɗa ya gaskata shi. Sai dai abin lura, Bahaushe a hanta ya ajiye tsoro, Basine kuwa a ƙoda.

Amma kariyar tana da nata rauni. Ta tsamo littafin daga hannun masu fiɗa, ta kai shi inda babu gwajin da zai iya ƙaryata shi, an gudu ba a tsira ba. Bahaushe ba ya rubuta magani bisa karin maganarsa, likitan Neijing kuwa yana yi.

A taƙaice, Yu ya yi daidai game da jiki, Yun ya yi daidai game da lafazi. Darajar littafin tana ga yadda ya tsara alamomin cuta da abinci da yanayi cikin tsari guda mai saukin haddacewa. Nauyin da ya rage yana kan mai fassara. In ya rubuta "raunin ƙoda" a kan kwalin magani ba tare da bayani ba, mai ciwon ƙoda na haƙiƙa zai iya saye ya sha, ya bar zuwa asibiti.