Bidiyon Yaran Ruwa: Yadda Aka Ɗauki Shaidar Ne Ya Dame Mu

Sati uku ke nan wani bidiyo yana yawo a wayoyin unguwar nan, daga teburin masu shayi na bakin titin Kaduna zuwa Abuja har cikin gidaje. Sau huɗu ana tare mu da shi bayan sallar isha: Malam, aljanu ne ko mutanen wata duniya? Da fari muka ce ba mu gani ba. Daga baya yaron shagonmu ya buɗe mana, muka kalla har ƙarshe, sau biyu.

An yanko shi ne daga wani fim na Turanci mai suna Ariel Phenomenon da ya fito a 2022, wani ya ɗora masa muryar Hausa. Ranar Juma'a 16 ga Satumba 1994, a makarantar Ariel da ke garin Ruwa kusa da Harare a Zimbabuwe, yara 62 suka ce da aka tashe su tara sun ga wani abu mai ƙyalli kamar faifan azurfa ya sauka a daji bayan makaranta, wasu halittu masu manyan idanu sanye da baƙaƙen kaya suka fito. Malamai na can suna taro a ciki, ba wanda ya gani.

A faɗi gaskiya, bidiyon yana kama zuciya. An nuna yaran suna ƙanana, an sake nuna su sun girma, wasu har muryarsu na rawa. Mu dai ba za mu kira su maƙaryata ba.

To amma duk mai shago ya san abu guda. In kaya suka ɓace, ba ka tara yaran shago ka tambaye su a wuri ɗaya. Na farko ya faɗi, na biyu ya ce haka ne, kafin ka kai kan na biyar labari ya daidaita kamar karatun allo. Haka aka yi a Ruwa. Cynthia Hind, wadda dama sana'arta bin labaran jiragen baƙin sama, ta zo bayan 'yan kwanaki ta riƙa tambayar yaran rukuni-rukuni, sauran suna ji. John Mack, likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Harvard, sai a Nuwamba ya iso, bayan wata biyu yara na ta maimaita zancen a tsakaninsu. A hirarsa ne aka fara jin wai halittun sun isar da saƙo cewa mutane na lalata duniya. Wannan saƙon kuwa shi mai muryar Hausa ya fi ɗaga murya a kai, har da sa kiɗa mai ban tsoro.

Abin da ya ƙi faɗa ya fi wanda ya faɗa nauyi. Kwana biyu kafin lamarin, a daren 14 ga Satumba, an ga wata wuta ta ratsa sararin ƙasashen kudancin Afirka, rediyo ya cika da zancen. Ashe ɓaraguzan rokar Rasha ce ke ƙonewa tana dawowa ƙasa. Kuma yara da dama da ke filin wasan sun ce ba su ga komai ba. Malaman hadisi, Allah Ya saka musu, kafin su karɓi magana sai sun bi wa ya ji, daga bakin wa, yaushe.

Batun aljanu kuwa, mun yi imani akwai su. Sai dai mutum ya ɗora musu duk abin da bai gane ba, wannan shiga gaibu ne ba da ilimi ba.

Mu ma fa an taɓa yi mana baƙo daga wata duniya. Ranar 3 ga Oktoba 1962, a Zagami cikin lardin Katsina, wani manomi yana korar hankaki a gonarsa sai ya ji ƙara, dutse mai kilo 18 ya faɗo dab da shi ya nutse cikin ƙasa. Aka tono shi aka kai ofishin binciken ma'adinai a Kaduna. Bayan shekaru masana suka auna iskar da ta maƙale a cikinsa, ta yi daidai da iskar duniyar Mars. Shaida ɗaya tak, amma ga rami, ga dutse a hannu. A Ruwa shaidu 62, abin da ya rage zanen yara a takarda.

Dalilin da ya sa muka tsawaita: tun da bidiyon ya shigo, daren da jerin fitilu suka ratsa sama a layi ɗaya, taurarin intanet na Starlink ne, mata suka kulle ƙofa, wasu samari suka fito da gora. A Jere, inda haske cikin daji da dare kan iya zama tocilan masu garkuwa da mutane, ba mu da sararin raba tsoronmu da baƙin sama. Mun roƙi malaman Islamiyyarmu, in yaro ya zo da labarin ya ga wani abu, a kira shi shi kaɗai, a tambaye shi ƙarfe nawa, ta wane gefe, sannan a kai wa mai unguwa da 'yan sintiri.