Gwanintar Ɓoye Mai Laifi a Bainar Jama'a

Marubucin labarin bincike yakan ɗaukar wa mai karatu alkawari mai wuyar cikawa: ba zai yi masa ƙarya ba, ba zai danne masa hujja ba, amma duk da haka ba zai bari ya gane mai laifi ba sai an zo ƙarshe. Duk wanda ya iya cika wannan alkawari, ni dai ina sara masa, domin aikinsa ya fi na mai ba da labarin soyayya tsauri. Shi daga ƙarshe yake farawa. Sai ya san wanda ya yi, da yadda ya yi, da abin da ya kai shi, kafin ya rubuta layin farko.

Adabinmu ba baƙon laifi ba ne. Tun a Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East akwai ramuwar gayya da sata da kisa. A 1982 Sulaiman Ibrahim Katsina ya fito da Turmin Danya a kan 'yan fasa-ƙwauri, Bature Gagare kuma ya girgiza masu karatu da Ƙarshen Alewa Ƙasa. A ƙasar Sakkwato ta dā ma, kafin a cire Kabi a 1991, an yi Gambu na Fagada, wanda ya shahara da waƙar ɓarayi, jama'a na sauraronsa suna tsoro suna kuma ƙara matsowa. Sai dai yawancin waɗannan sun nuna mana mai laifi ne tun farko, muka bi shi har ya faɗi. Ɓoye shi a fili, irin yadda Agatha Christie ta yi a 1926 cikin The Murder of Roger Ackroyd, inda mai ba da labarin da kansa ne ya yi kisan, wata fasaha ce daban.

A ce marubuci ya kafa labarinsa a birnin Sakkwato. An yashe shagon wani ɗan kasuwa da dare, cikin hunturu. A babi na biyu ƙaninsa ya ce shi kwana uku ke nan bai taɓa motarsa ba, tana nan ajiye a ƙofar gida a Mabera. A babi na huɗu, ana tsakiyar wata rigima, marubucin ya nuna yaro yana leƙa fuskarsa a gilashin motar yana gyara hula. Shi ke nan, ya wuce abinsa. Mai karatu ya gani da idonsa, amma hankalinsa na kan rigimar. Sai can a ƙarshe mai bincike ya tambaya: wace mota ce za ta kwana uku a waje cikin ƙurar hunturun Sakkwato, gilashinta ya zauna tas? Nan ne mai karatu zai koma baya yana lalubo shafin, ya tarar ba a cuce shi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gwani ke aiki da al'adar garin maimakon ya aro ta Landan. A nan ba a ajiye gawa. Wanda ya rasu da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. To ina likitan da zai yanka ya duba? Marubucin da ya san gari sai ya mai da mai wankan gawa babban shaidarsa, mutumin da ya ga tabo a wuya, ga shi kuma an hore shi da rufa wa mamaci asiri. Ka ga an samu rikici a zuciyar mutum ɗaya kafin a je ko'ina. Haka nan ɗan sanda namiji ba ya faɗawa gidan matan aure kai tsaye, iyakarsa zaure. Don haka idon labarin sai ya koma wurin dillaliya, ko yarinya mai tallan fura da ke shiga kowane gida ba a lura da ita. Ga kunya da kara, masu sa mace ta san gaskiya ta yi shiru don surukinta ne. Ga mai unguwa da dattawa da ke son a kashe magana a gida kada ta kai ofishin 'yan sanda. Ga kuma hanyar Illela, wadda kan sa kayan da aka sace da dare su tsallaka Birnin Ƙonni kafin mai su ya farka.

Duk waɗannan shingaye ne ga mai bincike, amma su ne jarin marubuci. Shi ya sa za ka tarar da shi zaune a teburin mai shayi, ko a Kasuwar Kara yana sauraron yadda dillalai ke tantance shaidar da ke jikin shanu, ko a bencin baya na kotun shari'a yana lura da yadda alƙali ke juya tambaya ɗaya sau uku har mai ƙarya ya saɓa wa kansa.