Harshen Ɗalibi a Ajin Adabin Turai: Sharhi a Kan Manhajar Digiri na Farko

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda ake koyar da harsuna da adabin Turai ga ɗalibin digiri na farko a jami'o'inmu, musamman ɗalibin da ya tashi da Hausa a bakinsa, ya kuma yi karatun allo kafin ya san boko. Abin da ya dame mu shi ne wata al'ada da ta yi katutu a sassan Ingilishi da na Faransanci, watau ɗaukar da ake yi cewa ɗalibi ya zo aji hannu rabbana, kuma harshensa na gida cikas ne da za a kawar kafin ilmi ya shiga. Za mu kawo misalai uku, ɗaya daga ƙagaggen labari, ɗaya daga wasan kwaikwayo, ɗaya kuma daga waƙa, domin mu nuna irin hasarar da wannan ɗauka take jawo wa ɗalibi da kuma adabin da ake koya masa.

2.0 Asalin Manhajar

Nazarin adabin Ingilishi a matsayin fannin jami'a bai daɗe ba kamar yadda ake zato. Tun a 1835 Macaulay ya ba da shawarar a dogara da Ingilishi wajen ilmantar da mutanen Indiya, amma Jami'ar Oxford ba ta buɗe wa adabin Ingilishi fage na kansa ba sai a 1894. Da aka kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, digirin Jami'ar Landan take bayarwa, saboda haka manhajar Landan ta bi. A wannan shekara ce kuma F. R. Leavis ya fitar da The Great Tradition, inda ya jera Jane Austen da George Eliot da Henry James da Joseph Conrad a matsayin ginshiƙan ƙagaggen labarin Ingilishi. Jami'o'in da suka biyo baya, har da Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, sun gaji kaso mai yawa na wannan tsari.

Ba a daɗe ba aka fara ƙorafi. Bayan taron marubutan Afirka da aka yi a Makerere a 1962, Obi Wali ya rubuta a mujallar Transition a 1963 cewa adabin Afirka da ake yi da harsunan Turai ba shi da makoma. A 1968 Ngugi da Owuor-Anyumba da Taban lo Liyong suka nemi a rushe Sashen Ingilishi na Nairobi, a kafa wanda zai sa adabin Afirka a tsakiya. Wannan gwagwarmaya ta yi amfani ƙwarai, domin ita ta shigar da Achebe da Soyinka da Senghor cikin manhaja. Sai dai idan aka lura, yawancin gardamar a kan jerin littattafai ne da kuma harshen marubuci. Harshen mai karatu kuwa har yanzu a bakin ƙofa ake barinsa tare da takalma.

3.0 Ƙagaggen Labari: Mister Johnson

Joyce Cary ya yi aikin mulki a Arewacin Nijeriya, har ya riƙe Borgu, kafin ya bar aiki a 1920. A 1939 ya fitar da Mister Johnson, labarin wani akawu ɗan Kudu a wani ƙagaggen gari mai suna Fada, wanda ya taimaki Baturensa Rudbeck aikin hanya ta hanyar murɗa lissafin kuɗi, aka kore shi, ya kashe wani Bature mai kanti, daga ƙarshe Rudbeck ya harbe shi da hannunsa. Sananne ne cewa ɓacin ran da Achebe ya ji game da wannan littafi, tun yana ɗalibi a Ibadan, yana cikin abubuwan da suka zaburar da shi ya rubuta Things Fall Apart na 1958.

A aji, yawanci a nan bayanin yake tsayawa: Cary ya raina baƙar fata, Achebe ya mayar masa da martani. Ɗalibi ya haddace wannan hukunci, ya zuba shi a jarrabawa, ba tare da ya ga yadda rainin yake aiki a cikin rubutun ba. To, da za a ce masa ya fassara shafi ɗaya zuwa Hausa, da ya gano abin da kansa. Cary ya rubuta labarin gaba ɗaya a lokaci mai ci. Labarin Hausa kuwa da "sai ya" yake tafiya, kowane aiki yana haifar da na gabansa. Da zarar ɗalibi ya fara jera "yana, yana, yana", kunnensa zai gaya masa cewa ana siffanta mutumin da ba shi da jiya balle gobe, wanda ayyukansa ba sa ɗaure juna. Ashe hukuncin da marubucin ya yanke wa Johnson yana cikin nahawun littafin tun kafin ya fito a jigonsa.

Haka kuma a littafin akwai Waziri mai ba akawu toshiya domin ya leƙa masa takardun asirin Bature. Ba mu ce ba a taɓa yin bafade mai makirci ba. Amma ɗalibin da ya san Waziri Giɗaɗo, wanda ya sauki Clapperton a Sakkwato a 1824 kuma ya wallafa littattafai da Larabci, ko Waziri Junaidu da ya rasu a 1997, ya san abin da Cary ya bari a waje. Wannan sani kayan aikin nazari ne, kuma mai karatu a Ingila ba shi da shi.

4.0 Wasan Kwaikwayo: Twelfth Night

Wannan wasa na Shakespeare, wanda aka nuna a Landan a 1602, Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara shi da sunan Daren Sha Biyu a 1971. Ƙashin bayan wasan shi ne Viola, budurwar da ta yi shigar maza ta kira kanta Cesario, ta shiga hidimar Orsino, har Olivia ta kamu da sonta bisa zaton namiji ce. Wakilin suna na mutum na biyu a Ingilishi ba ya bambanta jinsi. Hausa kuwa dole ta zaɓa tsakanin "kai" da "ke", tsakanin "ka" da "ki". Saboda haka duk lokacin da Olivia ta ce wa Viola "kai", mai sauraron Hausa yana jin kuskuren a cikin kalmar kanta. A ƙarshen wasan, bayan asiri ya tonu, Orsino ya ci gaba da kiranta Cesario muddin tana cikin tufafin maza. Ingilishi ya ba shi damar ya zauna a tsakiya. Mai fassara zuwa Hausa ba shi da wannan mafaka, sai ya yanke shawara ko Orsino mace yake gani a gabansa ko namiji. Wannan tambaya ita ce zuciyar wasan, kuma Hausa ce ta tilasta a yi ta.

Bugu da ƙari, Ingilishin zamanin Shakespeare yana bambanta thou na saba ko raini da you na girmamawa. A wasan, Sir Toby ya shawarci Sir Andrew da ya yi amfani da na farkon a takardar neman faɗa domin ya ci mutuncin abokin gabarsa. Baturen yau sai an yi masa bayani a ƙasan shafi. Yaron da aka taɓa tsawata wa don ya ce wa dattijo "kai" maimakon "ku" ba ya bukatar bayani. Shi ne kuma zai fi saurin gane tu da vous a ajin Faransanci.

5.0 Karin Waƙa

Malamai sukan yi kukan cewa ɗalibanmu ba sa jin karin waƙar Ingilishi. Dalilin a bayyane yake. Karin Ingilishi ya dogara ne da ƙarfin furta gaɓa, na Faransanci irin na Racine kuma da ƙidayar gaɓa 12 tare da ɗan tsayawa a tsakiya. Rubutacciyar waƙar Hausa kuwa, kamar yadda Greenberg ya nuna a 1949 da Galadanci a 1975, da nauyin gaɓa take tafiya, bisa tsarin arulin Larabci: gaɓa mai gajeren wasali ba ta da nauyi, mai dogon wasali ko wadda baƙi ya rufe tana da nauyi. Ɗalibin da ya tashi yana jin Burda ta Busiri a karin Basiɗ nauyi yake saurare a inda Bature yake sauraren ƙarfi. Kunnensa lafiya lau yake, ma'auni ne ya bambanta, kuma malamin da ya san haka zai warware matsalar a darasi ɗaya.

Abin lura shi ne waƙar Girkanci da ta Latin, watau ta Homer da Virgil, ita ma da nauyin gaɓa ake auna ta. Ke nan ɗalibinmu ya fi takwaransa na Ingila kusa da tushen waƙar Turai, amma manhaja ba ta taɓa gaya masa ba.

6.0 Inda Ya Kamata A Yi Hattara

Kada a ɗauka cewa ma'aunin gida ba ya kuskure. A ƙarni na 10 Abu Bishr Matta ya fassara littafin Aristotle na fasahar waƙa zuwa Larabci. Da yake babu dandalin wasan kwaikwayo irin na Girkawa a Bagadaza, sai ya mai da wasan ban-tausayi yabo, wasan ban-dariya kuma zambo, kuma Ibn Rushd ya gina sharhinsa a kan haka. Ɗalibinmu ma zai iya faɗawa wannan rami, ya karanta King Lear a matsayin wa'azi kan biyayya ga iyaye kawai, ko ya nemi gargaɗi a kowace waƙa saboda haka ya saba. Maganin wannan shi ne a fito da ma'aunin gida fili a aji, a gwada shi, a ga inda ya kama da inda ya kuɓuce. Idan aka hana shi fitowa, zai ci gaba da aiki a ɓoye ba mai gyara masa.

7.0 Kammalawa

Hanyar da muke kira a bi tana da magabata. Abubakar Imam ya ɗebo daga labaran Larabawa da na Turawa ya gina Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, kuma Bala Abdullahi Funtuwa ya mai da Animal Farm na Orwell Gandun Dabbobi a 1975. Waɗannan mutane sun yi wa adabin Turai karatu mai zurfi, kuma da Hausa suka yi shi. Lamarin ya ƙara muhimmanci tun da Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, domin bukatar masu iya zirga-zirga tsakanin harsunan nan uku sai ƙaruwa za ta yi.

Saboda haka muna ba da shawarwari uku. Na ɗaya, a wajabta wa ɗalibin Ingilishi ko Faransanci darasin fassarar adabi zuwa harshensa na gida. Na biyu, a koyar da karin waƙa ta hanyar kwatance, malamin Sashen Harsunan Nijeriya da na Larabci da na Ingilishi su haɗu a aji ɗaya. Na uku, a yarda kundin kammala digiri ya zama fassara tare da sharhin dalilan da suka sa mai fassara ya zaɓi abin da ya zaɓa. Ana iya cewa ajinmu ya tara masu harsuna dabam-dabam, malami kuma bai san dukkansu ba. Wannan gaskiya ne, amma aikin malami a nan shi ne ya sa ɗalibi ya kare zaɓinsa da hujja daga matani, kuma Batibi da Babarbare da Bayarabe kowa zai kawo tambayar da harshensa ya tilasta masa. Muna fatan mahalarta wannan taro za su tattauna yadda za a shigar da waɗannan darussa cikin manhajar sassansu.