Jirgin ruwa da raƙumi: sharhi a kan wani ra'ayi da ya shafi Arewa

Akwai ra'ayin da ya daɗe yana yawo cikin littattafan tarihi, wanda aka fi jingina wa masanin Fotugal Magalhães Godinho, cewa jirgin ruwa ya rinjayi ayarin raƙuma. Bisa wannan ra'ayi, tun da Fotugal ta gina Elmina a 1482 ciniki ya juya gaɓar teku, ƙasashen tudu suka raunana, har Turawa suka same su a kwance. A nan za mu auna shi da tarihin Arewa da kuma shaidar harshe.

Aibinsa na farko shi ne gaggawa. Tsakanin 1482 da isowar Voulet da Chanoine Lugu a 1899 akwai shekara fiye da 400. Binciken Marion Johnson (1976) da na Stephen Baier (1980) ya nuna cewa hanyar Tarabulus zuwa Kano ta yi ƙarfi sosai a shekarun 1870, kuma ba ta durƙushe ba sai bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Arewa ma ba a kwance take ba: a tsakiyar ƙarni na 19 Samna Ƙarhe na Tibiri ya haɗa kai da Kabi suna ja da Gwandu.

Harshe ya goyi bayan haka. Sunayen hajar Turai da suka daɗe a Hausa ta Larabci suka shigo: bindiga, albarushi. Waɗanda suka biyo hanyar kudu, kamar akwati, agogo da ashana, daga Yarbanci aka aro su. Ke nan Bahaushe ya san kayan Bature ta hannun dillali tun bai ga Baturen ba. Babbar shaidar teku ita ce wuri, wanda jiragen Turawa suka riƙa kawowa daga tsibiran Maldib zuwa gaɓar Benin, fatake suka hau da shi arewa. Amma wuri bai kashe kasuwa ba, raya ta ya yi.

To, ina gaskiyar ra'ayin take? A ganinmu tana wajen siyasa. A 1830 ƴan'uwan Lander suka gano mashigar Kwara cikin teku, a 1854 Baikie ya hau kogin da jirgi mai tururi, a 1886 kamfanin Royal Niger ya samu izinin mulki daga Ingila. Da hujjar wannan kamfani ne Ingila ta ce ƙasar Sakkwato tata ce, aka ja layin Sayi zuwa Barwa a 1890. Yarjejeniyar 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, wadda ta jefa Dogon Dutsi da Matankari hannun Ingila. Faransa ta koka cewa ba ta da hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, sai aka gyara iyaka a 1904 da 1906, Arewa ta koma hannunta.

Saboda haka ya kamata a raba abu biyu da ra'ayin ya cakuɗa. Teku ba ta talauta Arewa kafin mamaya ba. Abin da ta yi shi ne ta ba Turawa ƙofar kogi da takardun da suka raba ƙasa da su. Aikin da ya rage mana shi ne tattara sunayen haja da na kuɗi a bakin tsofaffin kasuwannin Dallol Mawri, mu tantance wanne ya zo ta hamada, wanne ta teku.