Yadda ake kiwon dabbar da ba ta yarda da mutum ba

A ƙasar Niyu Zilan, musamman tsibirinta na kudu, akwai manoman da dukiyarsu ba shanu ba ce, ba kuma tumaki ba. Jar barewa ce ta Turai suke kiwo, ɗaruruwa a gona guda, wasu ma dubbai. Ba danginsu ɗaya da 'yar siririyar barewarmu ta Sahel ba. Wannan namijinta kan haura kilo 200, ƙahonsa mai rassa ne, kuma duk shekara yakan zubar da shi ya fitar da sabo. Manoman nan suna kora garken daga wannan fage zuwa wancan, su shigar da shi rumfa, su auna nauyin kowace, su yi mata allura, su loda ta a mota. Duk wanda ya taɓa ganin abin da barewa take yi idan ta jiyo motsin mutum ya san wannan aiki ba wasa ba ne.

Asalin sana'ar ɓarna ce. Kafin zuwan mutane, ban da jemagu babu wata dabbar tudu mai shayarwa a ƙasar, balle zaki ko kura. Daga shekarun 1850 Turawan Birtaniya suka riƙa kawo barewa daga Ingila da Sikotland suna saki a daji don su samu abin farauta irin na gida. A 1905 aka ƙaro wata babbar danginta daga Amurka, wadda ake kira wapiti, wasu daga cikinsu kyautar shugaba Theodore Roosevelt ne. Ga ciyawa, ga ruwa, babu mai cinsu, sai suka yaɗu suka cinye ƙananan itatuwan daji har duwatsu suka fara zaizayewa. A 1930 gwamnati ta janye musu kariya ta ɗauki maharba aiki. A shekarun 1960 sai aka gano Jamusawa za su sayi naman da tsada, aka koma harbi daga jirgi mai saukar ungulu. Tim Wallis na cikin waɗanda suka yi suna a wannan harka a duwatsun Fiordland. Da barewar daji ta fara ƙaranci, sai dabara ta zo: maimakon a kashe, a kamo da rai a kiwata. A 1969 doka ta ba da izini.

Yadda aka yi kamun nan, ko a labari mutum sai ya riƙe baki. Matuƙi zai bi barewa a gefen dutse har ya zo daidai kanta, abokin aikinsa ya diro daga jirgin ya faɗa mata a wuya, su yi ta kokawa har ya ɗaure ƙafafunta. Daga baya aka ƙera bindiga mai harba raga, abin ya ɗan yi sauƙi. A ƙarshen shekarun 1970 kuɗin mace guda mai rai ya haura dala 3,000 na ƙasar, don haka samari suka yi ta shiga, jirage suka yi ta faɗuwa, da yawa ba su koma gida ba.

Wannan jarumtaka ita aka fi ba da labarinta, amma a ganina gwanintar gaske bayanta ta fara. Manoman farko sun ga abin da ya ɗaure musu kai: barewa ta iso gona lafiya, babu karaya, babu rauni, bayan kwana biyu ko uku a tarar da ita a mace. Tsoro da gudun wuce kima ne suke lalata mata tsoka har zuciya da ƙoda su gaza. Wato dabba ce da firgita kaɗai kan kashe. Saniya da tunkiya sun shafe dubban shekaru tare da ɗan Adam, shi ya sa Bafulatani kan yi gaba garkensa na biye da shi. Ita kuwa wannan, kakanninta na kusa a dutse aka kamo su, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Manoma da masu bincike na cibiyar Invermay, kusa da birnin Dunedin, waɗanda suka soma aiki kan barewa a farkon shekarun 1970, sai suka daina neman sauya halinta, suka koma gina gonar bisa halin nata.

Shingen waya ne mai raga, tsayinsa kusan mita 2, domin abin da bai kai haka ba tsallake shi take yi. Tsakanin fagagen kiwo akwai burtali da ke kaiwa rumfar aiki, kuma ba a miƙe yake ɗoɗar ba. Ana lanƙwasa shi, saboda barewa na son shan kwana idan tana ganin ta kusa ɓace wa mai binta, sai ta kai kanta inda ake so tana zaton tsira take yi. Kusa da rumfar akan rufe wayar da katako, don dabbar da ta ruɗe ba ta ganin waya, takan afka mata da gudu ta karya wuya. Cikin rumfar bangon a toshe yake, ɗakunan ƙanana, ƙofofin masu juyawa ne yadda za a raba garke biyar-biyar ko goma-goma ba tare da kokawa ba. Manoman farko har duhunta rumfar suke yi, don sun lura duhu na kwantar mata da hankali.

Sauran aikin a jikin mutumin yake. Gwani ba ya ihu, ba ya ɗaga sanda, ba ya sauri. Yakan tsaya daga nesa, ya matso taku biyu, garken ya motsa, ya dakata. Idonsa na kan tsohuwar macen da ke gaba, domin ita ce jagora. In ta shiga ƙofa sauran za su bi, in ta juyo babu mai tare su, sai dai a bar su su huce a sake gwadawa. A cikin ɗaki yana magana ƙasa-ƙasa don su san inda yake, yana dafa su a hankali. Ya san alamun wadda ta kusa kai hari: ta kwantar da kunnuwa, ta ɗaga haɓa, tana cizon haƙora, harshe a waje. Mace kan miƙe kan ƙafafun baya ta yi duka da na gaba, kuma kofatonta na tsaga fata.

Shekarar barewa tsawon yini ne ke juya ta, manomi ba shi da ta cewa. Da yake ƙasar a kudancin duniya take, kakarsu a Maris da Afrilu take faɗowa, kuma lokacin barbara ke nan. Namijin da jiya ake shafa wuyansa sai ya zama wani abu dabam: wuya ya kumbura, yana ruri dare da rana, ya ƙi cin abinci har ya zubar da kashi 20 cikin 100 na nauyinsa ko fiye. Akan haɗa namiji guda da mata 40 ko 50, a nisanta shi da wani namijin don kada su yi faɗa ta cikin waya. Abin mamaki, wanda ya fi haɗari shi ne wanda aka raina da hannu tun yana ɗan maraya, saboda ya daina tsoron mutum, yana ganinsa abokin hamayya. Irinsu sun kashe masu su. Bayan kwana 233 ko kusa da haka da yin barbara, a Nuwamba da Disamba, mata su haihu. Uwa na ɓoye ɗanta a doguwar ciyawa ta tafi kiwo, ta riƙa dawowa tana ba shi nono. Manomin kirki kan bar mata fage mai duhuwa da tudu da kwari, sannan ya ɗauke ƙafa. In wurin fili ne fetal, ko an cika su da yawa, sai uwa ta yi ta sintiri a bakin waya, 'ya'ya su ɓace ko wata uwar ta tattake su. A wannan lokaci, iya aiki shi ne mutum ya san lokacin da zai bar dabba ta sarara.

Sai ƙaho, wanda shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa a jikin dabbar nan. A Agusta ko Satumba tsohon ya faɗi, sabo ya tsiro. Yana da laushi da ɗumi, cike da jini da jijiyoyi, an lulluɓe shi da gashi mai santsi irin na karammiski, kuma yakan ƙaru da kusan santimita 2 a rana. A Koriya ta Kudu da Sin ana yanka shi siriri-siriri a sa a magungunan gargajiya, kuma can ne kusan duk abin da Niyu Zilan ta samar yake tafiya. Ana yanke shi wajen kwana 60 da tsirowarsa. In an yi gaggawa an yi asarar nauyi. In an makara da 'yan kwanaki ya fara zama ƙashi, darajarsa ta faɗi. Saboda haka a Oktoba da Nuwamba manomi kan duba mazan nan ɗaya bayan ɗaya, yana kallon kan ƙahon: muddin yana dunƙule da saura, da ya soma shirin rabuwa lokaci ya yi. Ana yi wa gindin ƙahon allurar kashe zafi, a ɗaure don tsai da jini, a yanke da zarto sama kaɗan da tushen, don in aka taɓa tushen ƙahon baɗi zai fito a karkace. Daga nan sai firiza. Doka ta ce likitan dabbobi ne zai yi, ko manomin da ya ci jarrabawa kuma likita ke sa masa ido. Ba kowa ya yarda da wannan ba. A Birtaniya an hana yanke ɗanyen ƙaho don sayarwa, kuma yawancin abin da 'yan talla ke cewa yana warkarwa bincike bai tabbatar ba. Ƙwarewar mai yankan dai ba ta da shakka.

Naman kuma ja ne, kitsensa kaɗan. Turawa sun saba cin naman daji a kakarsu, daga Satumba zuwa Kirsimeti, don haka dole 'ya'yan da aka haifa a Disamba su kai nauyin yanka kafin su cika shekara. Matsalar ita ce barewa na rage ci da kanta a hunturu ko da abinci na gabanta. Sai a yi dabara: a ba su ciyawa mai kyau sosai a kaka kafin sanyi ya kama, wasu kuma su haɗa matan da namijin wapiti don 'ya'yan su fi saurin girma. Yaye ma sai da lura, domin ɗan da aka raba da uwa ya haɗu da sanyi da yunwa da firgici, gudawa mai kisa ce ke biyo baya. Har ranar ƙarshe tsoron nan na da farashi: dabbar da ta tayar da hankali a mota namanta kan yi duhu ya yi tauri.

Sana'ar ba ta rasa aibi. Barewa na son birgima a taɓo, tana kuma tona hanya a bakin shinge, ruwan sama ya kwashe ƙasar ya zuba a rafi, shi ya sa yanzu ake matsa wa manoma su killace bakin ruwa. Yawan dabbobin ma ya ragu: daga kusan miliyan 1.7 a wajen 2004 ya sauko ƙasa da miliyan 1, bayan farashi ya faɗi kuma kiwon shanun madara ya cinye filaye masu kyau. Manoman da suka rage su ne suka iya, kuma suna ci gaba da tace garkensu shekara bayan shekara. Suna rubuta nauyin kowace da nauyin ƙahon kowane, suna kuma rubuta hali. Macen da kullum ita ce ke fara afka wa bango idan an shiga rumfa, ko da ɗanta ya fi na kowa girma, takan samu gurbi a motar mahauta ta gaba.