Jinjina ga Mutanen Mary Rose

Masassaƙan Portsmouth sun cancanci yabo. Jirgin yaƙin da suka ƙera wa Sarki Henry na Takwas, Mary Rose, ya shiga ruwa a 1511, katako ne zalla, iska ke tura shi, kuma ya yi wa Ingila hidima shekara 34. Tun a 1512 ya gwabza da Faransawa kusa da Brest.

Ranar 19 ga Yuli 1545, a mashigin Solent, yana juyawa ya karkata, ruwa ya kwararo ta ƙofofin igwa da ke buɗe, ya nutse. Ragar da aka shimfiɗa a sama don hana abokan gaba faɗowa ciki ita ta hana mutanensa fita. Ɗaruruwa suka halaka, kaɗan ƙwarai suka tsira. Allah sarki!

Ni dai waɗannan bayin Allah nake jinjina wa. Da aka ɗago jirgin a 1982, kayan da masu nutso suka tsamo sun nuna ko su wane ne: akwatin kafinta da kayan aikinsa, magungunan wanzamin jirgi, dogayen bakunan maharba, takalma da matazan kai.