Google Keep: Manhajar da Ta Raba Tela da "Dawo Gobe"

Ban saba yabon abin da ba ya ci ba ya sha ba, amma yau sai dai ku yi haƙuri da ni. Wallahi manhajar nan ta Google Keep ta gama min komai! Ni tela ne ɗan tela, shagonmu yana cikin gari, ta wajen Soron Ɗinki, unguwar da sunanta kaɗai ya isa shaida. Tun da na fara riƙe almakashi ban ga abin da ya sauƙaƙa min sana'a kamar wannan 'yar aba mai launin ɗorawa ba.

Kowa ya san halin da muke shiga daga tsakiyar Sha'aban har daren Sallah. Shadda da yadi sun cika shago har rufi, kowa yana so ya sa sabo ranar Idi, wani kuma na Hawan Daushe yake jira. Ana ce mana maƙaryata, kuma ba zan kare kowa ba, alƙawari kaya ne. Sai dai da yawa daga cikin "dawo gobe" ɗin nan ruɗewa ce kawai. Littafin awo guda ɗaya ne, yana aljihun maigida, maigida kuma ya tafi Kantin Kwari. Yaran shago suna zaune ba su san kayan wa za su fara yankawa ba. Mai kaya ya zo, aka rasa abin faɗa masa, aka ce ya dawo gobe.

Kamfanin Google ya fito da Keep a watan Maris na 2013, kuma kyauta ce. Asusun Gmail kaɗai take buƙata, wanda duk mai Tecno ko Infinix ko itel ya riga ya buɗe tun ranar da ya fara sauke manhajoji. Ainihin aikinta shi ne: ka rubuta jerin abin da za ka yi, kowane layi da ɗan akwatinsa, in ka gama ka taɓa akwatin, layin ya sauka ƙasa a soke. To ga inda daɗin yake. Abin da ka rubuta a wayarka ba a wayar kaɗai yake zama ba, yana tafiya ma'ajiyar Google ta intanet, daga can ya bayyana a duk na'urar da ka shiga da asusunka, waya ce ko kwamfuta. In kuma ka sa adireshin Gmail na wani a jikin takardar, shi ma zai gan ta, zai iya rubutu a ciki.

Bari in ba ku yadda muke yi. Kowane mai kaya yana da takardarsa. A sama sunansa da ranar karɓa, sai awo: tsawo, kafaɗa, hannu, wuya, ƙugu. Ina ɗaukar hoton yadin in liƙa a wurin, don kada a sake rikita ruwan toka biyu masu kama da juna. In babbar riga ce, hoton aikin da ya zaɓa yana nan, aska biyu ce ko aska takwas. In kuma wani fasalin wuya ya kwatanta da baki, sai in zana shi da yatsa, don manhajar tana da wurin zane. Daga nan jerin matakai: yanka, haɗawa, kai wa mai aiki, botira, guga. Kayan gaggawa ja nake sa musu, kuma in maƙale su a sama, na bayan Sallah kore.

Yanzu ina tsakiyar Kwari ina ciniki sai in ga sabon layi ya ɓullo a jerin sayayya: babban yarona ya ƙara zare da shafi daga shago. Bai kira ba, ban katse ciniki ba. Ko wani dattijo ya bugo yana tambayar kayansa, sai in leƙa in ce, "Ranka ya daɗe, an gama aikin wuya, saura guga, bayan La'asar a turo yaro." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai, Malam, ashe kana shago?" Ina fa shago! Irin wannan amsar ce take sa mutum ya kawo maka kayan 'ya'yansa da na surukansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta fushi da rashin sabis. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, a ƙarni na 15, kuma wanda ya kutsa can cikin lungunanta ya san yadda sabis yake wasan ɓuya. A waya, Keep tana buɗewa ko babu data. Ka rubuta abinka, ka soke abin da ka saya, da zarar ka fito sarari ta aika da kanta. Haka in na kai farin yadi karofin Ƙofar Mata, nan take nake sa mata ranar karɓa da lokaci, wayar za ta tuna min.

Ga maganar ƙwacen waya, wadda ta addabi garin nan. Allah ya tsare, amma in ta faru, ko wayar ta faɗa kwata, ka je Farm Centre ka sayi wata, ka shiga asusunka, awon mutane duka ya dawo ba ko ɗaya da ya ɓace. Littafin takarda in ruwan sama ya same shi, sai dai ka bi mutane gida-gida da tef. Sharaɗi ɗaya ne: ka riƙe kalmar sirrinka, ka sa wa waya makulli.

Da madannin Gboard kuma ƙ da ɗ da ɓ duk suna nan, ba sai ka rubuta ƙugu ya koma kugu ba. In hannu yana kan keke, ka danna alamar makirufo ka yi magana, ta ajiye muryar.

Na san akwai manya. Todoist tana nan tun 2007, Trello tun 2011, ga Microsoft To Do da ta gaji Wunderlist, wadda aka rufe a 2020. Kowace da gwanintarta, ma'aikatan ofis su sha shagalinsu. Ni yaron da ya zo koyon ɗinki jiya nake so ya gane abu kafin shayinsa ya huce, kuma nan Keep ta yi musu fintinkau. Masu cewa Google ya saba kashe kayansa, kamar yadda ya yi wa Reader a 2013 da Google+ a 2019, ba ƙarya suka yi ba. Amma wannan ta haura shekara goma tana aiki, kuma ta hanyar Google Takeout kana iya kwafe takardunka duka ka adana.

Aibinta ɗaya da zan faɗa: duk wanda ka sa a takarda yana iya goge layi kamar yadda kai ma za ka iya, babu damar a ce ya duba kawai. Saboda haka lissafin kuɗi ni kaɗai nake riƙe shi a takarda daban, haka ma lambobin wayar mutane, don amana ce. Takardar da ka jefar bisa kuskure kuwa tana kwana bakwai a kwandon shara kafin ta tafi.

Har cikin gida ta shiga. Da bikin ƙanwarta ya taso, uwargida ta buɗe jerin kayan ɗaki da na gara, ta sa yayyenta a ciki, kowa ta sayi abu ta soke, ba a sayi tukunya sau biyu ba.

'Yan'uwana teloli na Yakasai da Koki da Mandawari, da masu rini da masu bugu, don Allah kada ku bari sai azumi ya kama. Ku sauke ta tun yanzu da kasuwa take da sauƙi, ku fara da kayan mutum biyar, ku sa babban yaronku a ciki. In ana ba da maki goma, ni goman na ba ta cif.